Yadda Tsirran Ƙasar Hausa Suka Koyi Zama da Sanyin Fazzan

Duk wanda ya yi zaman makarantar allo, in ya dubi yadda ake rubuta sunan unguwar nan tamu ta Gurda da Larabci, zai ga haruffa uku ne ginshiƙinsa: ƙaf da ra da lodi. Da waɗannan haruffan ne dai Larabawa ke rubuta garad, itacen da Bahaushe ke kira bagaruwa, wanda majeman Kano da na Sakkwato ke daka 'ya'yansa su jeme fatar akuya. Fatar nan kuwa, bayan an jeme ta an rina, ita ce a dā ayari ke ɗaukowa ya ratsa Gat ko Murzuk ya kai Tarabulus, daga can ta wuce Turai. Bagaruwa 'yar gida ce a kudu, 'yar gida ce a nan. Amma ba kowane tsiro aka yi wa wannan baiwa ba. Kuɓewa da yakuwa da zogale da gwandar da ke cikin gidajen Hausawan Sabha, wasu a gindin bango, wasu a tsohuwar jarka da aka yanke wa kai, baƙi ne a wannan ƙasa, kuma kowace shekara sai sun sha wata jarrabawa da ba su san ta ba a Katsina ko Maraɗi.

Sha'awar raya tsiron wata ƙasa a inda ba a halicce shi ba tsohuwar sha'awa ce, kuma sarakuna sun kashe mata dukiya. Abdurrahman Addakhil, wanda ya tsere daga Sham ya kafa mulki a Kurɗuba a shekarar 756, ya gina lambun Rusafa ya sa aka kawo masa irin rumman daga ƙasar haihuwarsa. Sarki Luwi na 14 na Faransa ya sa an gina wa itatuwan lemo wani katafaren zaure a fadar Bersai tsakanin 1684 da 1686, inda ake shigar da su cikin akwatunan katako in hunturu ya zo, a fito da su in ya wuce. A Landan kuwa, a 1848 aka kammala gidan gilas na lambun Kiyu domin kwakwa da danginta. Waɗannan duk an rubuta tarihinsu, har da sunayen maginansu. Tsohuwar da ta ƙulle irin kuɓewa a bakin zane ta ratso hamada da shi, ita ba wanda ya rubuta sunanta, alhali wuyar da ta tarar iri ɗaya ce da ta sarakunan.

Wanda bai taɓa kwana a Sahara ba yana zaton zafi ne kaɗai abokin gabar manomi a nan. Sabha tana kan digiri 27 arewa da tsakiyar duniya, Kano tana kan 12. Ruwan saman da ke zuba mana a shekara bai kai milimita 20 ba, abin da Kano kan samu fiye da shi a dare ɗaya na watan Agusta. Da bazara zafi kan haura digiri 40, ga iskar gibli mai ƙona fure. Amma a watan Janairu, in gari ya yi garau iska ta kwanta, sanyin asuba kan sauko kusa da sifili, wani lokaci har raɓa ta daskare a kan ganye. Bajamushen nan Hornemann, wanda ya iso Murzuk a watan Nuwamba na 1798, ya ba da labarin cewa iskar arewa ta kore shi zuwa gindin wuta, shi da ya fito daga ƙasar dusar ƙanƙara. Lyon, Baturen Ingila da ya yi hunturun 1819 zuwa 1820 a Fazzan, ya ga ruwa ya daskare a salka. Manoman ƙasar nan suna da lissafinsu na wannan lokaci, wanda suke kira Layali: dare 40, daga 25 ga Disamba zuwa 2 ga Fabrairu, 20 na farko farare, 20 na ƙarshe baƙaƙe. Bayansu akwai wani sanyin da ke komowa wajen tsakiyar Fabrairu, wanda suke kira Girratul Anz, wato sanyin akuya, don yakan kashe awakin da suka rame. Hunturun ƙasar Hausa yana fasa leɓe da ƙafa, yana sa a hura wuta a ɗaki, amma da wuya ya kashe gwanda a tsaye. Layali tana kashewa.

Abin mamaki shi ne, dawa ta riga kowa zama a Fazzan. A kogon Takarkori da ke duwatsun Akakus, kusa da Gat, masu tonon tarihi na wata jami'ar Roma sun samo ƙwayoyin hatsin daji fiye da 200,000, cikinsu har da dawar daji, waɗanda mutane suka tara kimanin shekara 10,000 da suka wuce, zamanin da Sahara ke da tafkuna da ciyawa. Da ƙasa ta bushe, wannan duniyar ta ja kudu. Noman da ya zo daga baya, na Garamantawa da ke Wadil Ajal, da tsirran arewa da na gabas ya fara. A tsaunin Zinkekra, kusa da Jarma, abin da aka samu na farkon shekaru dubu na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa shi ne alkama da sha'ir da dabino da inabi da ɓaure. Sai wajen ƙarshen wannan zamani ne gero da dawar noma suka bayyana a Jarma, auduga ta biyo baya. Gero kuwa ɗan Afirka ta Yamma ne. Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun nomansa tana kwarin Tilemsi a Mali, kimanin shekara 4,500 da suka shige. Ashe dai tun fiye da shekara 2,000 wani ya ɗauko irin kudu ya kawo nan, ya gwada, ya ci nasara.

Dabarar da ta ba su nasara ita ce har yau ake bi. Sun raba shekara gida biyu. Alkama da sha'ir ana shuka su da kaka, su sha sanyi, a girbe da farkon bazara. In an kwashe su, sai a zuba gero da dawa a fangalin, su sha zafi. Wato bazarar Fazzan ce ta tsaya a madadin damina, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya tsaya a madadin hadari. Garamantawa sun haƙa magudanan ƙarƙashin ƙasa, foggara, fiye da 500 a Wadil Ajal kaɗai, suna janyo ruwa daga gindin tsauni zuwa gonaki ba tare da guga ba. Gona ɗaya, girbi biyu, hatsin duniya biyu.

A ƙarni na 13 daular Kanem ta shimfiɗa ikonta har Fazzan, wakilinta yana zaune a Taragin. Daga baya Aulad Muhammad suka mai da Murzuk babban birni, har babban titinta ana ce masa dendal, kalmar Barebari da mu ma muka ara muka ce dandali. Sunan da mutanen Fazzan ke kiran dawa da shi, gafuli, ɗan uwan ngawuli ne na Barbarci. Matafiyan ƙarni na 19, irin su Lyon da Nachtigal wanda ya zauna a Murzuk a 1869, sun lissafa abin da ake nomawa a sawanin ƙasar: gasab, wato gero, da gafuli, da bamiya, wato kuɓewa, da mulukiya, wadda ita ce lalo. Sun ga itacen kurna ma, da sunansa na kudu.

Nan ne tarihin ya yi ɗaci, kuma bai kamata a tsallake shi ba. A lokacin foggara ta daɗe da ƙafewa, ruwa sai da rijiya. Akwai rijiyar da ake ja da jigo, akwai wadda ake ja da babban gugan fata, dalu, jaki yana sauka gangare mutum yana biye da shi, su hau su sauka tun kafin assalatu har rana ta take. Mai wannan aikin shi ake kira jabbad, kuma da yawa daga cikinsu bayi ne, ko 'ya'yan bayi, da aka kamo daga Barno da ƙasar Hausa aka koro ta hanyar Bilma ko ta Gat. Daular Usmaniyya ta haramta cinikin a 1857, amma an ci gaba da shi a ɓoye shekaru masu yawa. Ba dukan Hausawan Fazzan ne suka zo ta wannan ƙofa ba. Akwai fatake, akwai malamai, akwai alhazan da hanya ta ajiye, sannan akwai 'yan ci-ranin zamanin man fetur. Amma gero da dawar da suka ciyar da Murzuk da ƙauyukan da suka haɗu suka zama Sabha, wato Aljadid da Gurda da Hajara, hannun da ya san su tun daga gida ne ya shayar da su, ko da yake ba shi ke da gonar ba.

Kaya ba hanya ɗaya suka bi ba. Harshen Hausa kansa rumbu ne na abin da ya gangara kudu: alkama, albasa, inabi, rumman, duk sunayen Larabci ne, dabino kuma masana harshe suna danganta shi da harshen Buzaye da danginsu. Larabawan Gadamas da na Tarabulus da suka zauna a Dandalin Turawa cikin birnin Kano su suka sa alkama ta yi daraja, daga wurinsu gurasa da alkaki da alkubus suka samo suna. Ita alkama a Kano baƙuwa ce mai tsoron zafi, don haka sai da hunturu ake nomanta a fadama da ban-ruwa, daidai kishiyar halin gero a nan. Clapperton, wanda ya ratsa Fazzan a 1822 ya isa Kano a Janairun 1824, ya lura dabinon Kano yana 'ya'ya sau biyu a shekara, ya kuma ga ɓaure da rumman da lemun tsami a Katsina. Amma kowa ya san dabinon da damina ta taɓa ba ya kamo na Fazzan, domin dabino yana son ƙafarsa cikin ruwa, kansa cikin wuta. Goro ne kaɗai ya ƙi kowa. Bai yarda da Kano ba balle Murzuk. A dā daga Gwanja ake ɗauko shi a lulluɓe da ganye, ya iso nan da tsadar da sai masu hali.

To, mai karatu, ga wata tambaya da kusan duk wanda ya shuka yakuwa a Sabha ya taɓa yi. Ka karɓo iri mai kyau daga Damagaram, ka shuka a watan Afrilu, ka ba ta ruwa da taki, ta tashi ta fi ka tsawo, ganye shar, amma wata huɗu, wata biyar, ko fure ɗaya babu. Wasu su ce irin ya mutu, wasu su ce taki ya yi yawa, wasu ma su ce baki ne. Ba ko ɗaya. Yakuwa tana cikin tsirran da ke auna tsawon dare kafin su yi fure. Masana biyu a Amurka, Garner da Allard, su suka bayyana wannan a 1920, bayan sun rasa gane dalilin da wata irin taba ke ƙin fure sai da hunturu. Tsiro irin wannan ba ya ƙirga kwanakin da ya yi a ƙasa. Jira yake yini ya gajarta ya sauko wajen awa 12 zuwa 13. A Kano yini mafi tsawo bai kai awa 13 ba, don haka jiran gajere ne, kuma furen yana zuwa daidai da ɗaukewar damina. A Sabha yinin ƙarshen Yuni ya kusa awa 14. Yakuwa za ta yi ta tsawo tana jira har wajen ƙarshen Satumba ko Oktoba, sannan ta yi fure, sannan ta buƙaci makonni kafin soɓorodo ya kumbura ya nuna. A nan take tsere da Layali. In sanyi ya yi sammako, sai ka tashi da ganyen miya ba zoɓo, kuma ba irin baɗi.

Haka yake ga dawar ƙasar Hausa. Binciken da aka yi a Samaru ta Zariya a shekarun 1960 ya nuna kowace irin dawa ta gargajiya, kaura ko farafara, ta daidaita fitar da kanta da lokacin da damina ke ɗaukewa a yankinta, kuma tsawon yini ne agogonta. Ɗauke ta ka kai arewa mai nisa, agogon ya rikice: kara ya yi ta tashi, kai ya ƙi fitowa sai a makare. Maiwa ma haka. Gero mai saurin nuna, wanda bai cika damuwa da tsawon yini ba, shi ya fi sauƙin kai. Wannan ya nuna mana wani abu game da gafuli da gasab ɗin Fazzan: ba irin da aka sauke daga raƙumi jiya ba ne. Irin da aka yi ta tankaɗe ne shekara da shekaru, wanda ya makara sanyi ya cinye shi, wanda ya yi sauri aka ajiye zangarniyarsa. A ganina wannan aikin ya fi ginin Bersai wuya, domin sarkin Faransa gida ya sauya wa lemo, su kuwa manoman nan halin tsiron suka sauya.

Kuɓewa ba ta da wannan taurin kai sosai, in ban da wasu iri masu jinkiri. Abin da take ƙi shi ne ƙasa mai sanyi. In ka zuba ta a Fabrairu za ta ruɓe a rami. Jira har ƙasa ta ɗumama, ka jiƙa irin ya kwana, cikin wata biyu ka fara tsinka.

Masu daɗewa a ƙasa su ne abin tausayi, don su ba su da hanyar gudu. Zogale, wanda asalinsa na Indiya ne, shi ya sa ma wasu ke ce masa bagaruwar Makka, yakan zubar da ganye da zarar sanyi ya kama, raɓar da ta daskare kuma ta ƙone rassansa. Amma saiwarsa mai kauri ce, tana ajiye abinci. In aka sare shi ya rage kamu biyu ko uku, aka naɗe kututturen da buhu ko da lifin dabino, aka rage masa ruwa, yakan tofo da bazara kamar ba a yi komai ba. Gwanda, wadda daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta da wannan haƙurin: jikinta ruwa ne, cikinta rami, kuma sanyi da laima in suka haɗu a gindinta saiwar ruɓewa take. Mangwaro ƙarami ma sai an yi masa rumfa shekarunsa na farko.

Mai son ya kāre su sai ya gane ta inda sanyin ke shigowa. A daren da babu gajimare babu iska, zafin da ƙasa ta tara da rana sama yake tashi ya tafi, shi ya sa abin da ke bisa kan tsiro ya fi abin da ke gefensa amfani. Tsarin saniya ta gargajiya ya san haka: dabino a sama, rumman da ɓaure da inabi a tsakiya, ganyaye a ƙasa, kewaye da shingen jarid mai tare iska da yashi. Inuwar da ke kāre su daga ranar Yuli ita ce bargonsu a Janairu. A cikin gida, bangon da ke fuskantar kudu shi ne wurin baƙo mai rauni. Wanda ya taso a Kano ya saba da rana tana bi ta tsakar ka, har ta karkata arewa da damina. A nan ba ta taɓa hawa tsakar ka sosai, kuma a ƙarshen Disamba da tsakar rana ba ta wuce digiri 40 daga ƙasa ba, ta wajen kudu. Bangon yana shan ta yini guda, ya yi ta fitar da ɗumi da dare. Ledar suba tana taimako, amma ganyen da ya taɓa leda yakan ƙone kamar ba a rufe shi ba, kuma in ba a buɗe da hantsi ba, abin da sanyi ya bari zafi ya dafa.

Saura gishiri, wanda ya fi sanyi naci. Herodotus, marubucin Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riga ya ji labarin cewa Garamantawa ƙasa suke shimfiɗawa a kan gishiri sannan su yi shuka. A ƙasar Hausa damina tana wanke gona kowace shekara ba tare da an roƙe ta ba. A nan duk ruwan da ka zuba ya ƙafe, gishirinsa yana nan, kuma a cikin jarka ko tukunya ya fi saurin taruwa. Farin ɓawon da kake gani a bakin ƙasa, da bakin ganyen mangwaro da ke ƙonewa, shi ne. Dabino da sha'ir suna jure shi, baƙin kudu ba sa jurewa. Maganinsa a huda gindin jarkar, a riƙa yi mata ambaliya lokaci-lokaci har ruwa ya fita ta ƙasa, maimakon 'yar yayyafin kullum. Ruwan kuwa ba mai dawowa ba ne. Tsohuwar ajiya ce da ke kwance a ƙarƙashin kwarin Murzuk. Tun da injin ya maye gurbin jaki, aka buɗe manyan gonaki irin su Maknusa da Barjuj, aka fara aikin Babban Kogi a 1984, ruwan rijiyoyin Jabal Hasawna ya isa Tarabulus a 1996, ruwan kusa ya yi ta ja ƙasa. Tafkin Mandara ya ƙafe. Dabinon da dā ke sha da saiwarsa ba tare da ban-ruwa ba ya bushe a wurare da dama, kuma in dabino ya tafi, rumfar da ke kāre na ƙasa da shi ta tafi. Ƙaramin lambun tsakar gida bai ci ruwan a zo a gani ba, amma shi ma da wutar lantarki yake rayuwa. In famfo ya yi kwana uku shiru a watan Yuli, kuɓewa ba ta jira.

Yau busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa da zoɓo suna zuwa cikin buhu ta hanyar Agadas da Dirku da Gatrun, kuma sayensu ya fi shuka sauƙi. Kuka da ɗorawa dai sai a ci gaba da saye, don ba itacen tsakar gidan Sabha ba ne. Amma buhun hanya yana yankewa duk ranar da aka rufe iyaka, kuma ɗanyen ganyen yakuwa ko na zogale ba ya jure tafiyar kwanaki a bayan mota. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a riƙa aikowa da sabon iri daga gida kowace shekara, a zubar da wanda ya nuna a nan, a kan cewa na gida ya fi asali. Sabon irin daga farko yake fara karatun, agogonsa na Damagaram ne. Wanda ya tsallake Layali ya riga ya ci jarrabawa ɗaya. A cikin yakuwa 20 da aka shuka rana ɗaya, akwai biyu ko uku da za su riga sauran fure da mako guda ko biyu. Su ake ɗaura wa tsumma, a hana yara tsinka, a bar ƙwansonsu ya bushe a jiki, a ajiye irin cikin kwalba da ɗan toka saboda ƙwari, a rubuta shekara a kai. In Girratul Anz ta wuce ƙasa ta ɗumama, a fara da shi, a kuma ɗiba wa maƙwabta, don in na gida ɗaya ya ƙone a sami na aro a gida na gaba.